Yadda ake gwada yaron gareji kan sassan inji da sunayensu na Ingila da na Amurka

Yaranmu na gareji Turancin Ingila suka gada: bonet, but, salansa, sifana. Littafin motar da aka shigo da ita daga Amurka kuwa hood, trunk, muffler da wrench zai ce. Shi ya sa yaron da hannunsa ya iya aiki yake yin turus idan aka ce ya nemo kaya a intanet.

Kada ka fara da takarda da biro. Samo mataccen inji ka kwance, ka baza sassansa a kan buhu, ba sai ka kashe kuɗin littafi ba. Ɗaga ƙarfe ɗaya, ya faɗi aikinsa da Hausa tukuna, sannan sunayen biyu. Kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji, sump ne a Ingila, oil pan a Amurka. Guntun ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe shi da sandarsa, gudgeon pin da wrist pin. Murfin saman inji, rocker cover da valve cover. Ni ba na ba da maki a kan suna ɗaya.

Inda suke faɗuwa shi ne driveshaft, don haka daɗe a nan. Kalmar tana bakin ƙasashen biyu, amma ƙarfen daban ne. A Ingila, shaf ɗin da ke kai juyi zuwa taya ake nufi. Ba'amurke kuwa galibi doguwar farfelar da ta taso daga giya zuwa bayan mota yake nufi, wadda Baturen Ingila ke kira propshaft. Na sha ganin yaro ya yi odar wannan, an kawo wancan, kuɗin mai mota sun tafi a banza. Sa shi ya kwanta ƙarƙashin mota ya dafa kowanne da hannunsa. Ka tambaye shi da sunan Amurka, bayan kwana biyu ka juya da na Ingila, ba tare da ka sanar da shi ba.

Sauran mai sauƙi ne. Nuna masa awon baƙin mai a littafin Amurka ya mayar lita: quart ɗinsu lita 0.946 ne, galan ɗinsu lita 3.785, na Ingila kuma 4.546. Ya ci wannan, to ka bar shi ya yi odar kaya, amma da lambar da ke jikin ƙarfen.