Idan ka ji rauni a wurin aiki a Amurka: likitan da za ka gani da wanda zai biya kuɗin magani

Yawancin ayyukan da sabon zuwa ke fara samu a Amurka ayyukan ƙarfi ne: ɗaukar kaya a sito, gini, wanke-wanke a gidan abinci, tuƙi, ko kula da tsofaffi a gidajensu, wanda 'yan'uwanmu mata suka fi yi. A irin waɗannan ayyuka ne baya ke riƙewa, kafaɗa ta goce, wuƙa ko inji su yanke yatsa. Dokar kusan kowace jiha ta tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya sayi inshorar diyyar rauni, wadda a nan ake ce wa workers' comp. Ita ce ke biyan kuɗin asibiti da wani kaso na albashin da mutum ya rasa, ba tare da an tsaya binciken laifin wa ne ba. Wanda ya yi aikin kamfani a Najeriya zai tuna da NSITF, na Nijar kuma CNSS. Manufar ɗaya ce, sai dai a Amurka kowace jiha da dokarta. Za mu fi tsayawa kan jihar New York saboda yawan mutanenmu a unguwar Bronx da kewaye.

A New York kana da kwana 30 ka sanar da mai aikin a rubuce cewa ka ji rauni, da shekara 2 ka shigar da takardar neman diyya mai lamba C-3 a Hukumar Diyyar Ma'aikata ta jihar. Kada ka jira waɗannan wa'adodi su matso. A ranar da abin ya faru ka tura wa manaja saƙon waya mai ɗauke da rana da lokaci da wuri da sashen jikin da ya bugu, ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye. Faɗa da baki a bakin ƙofa ba ya barin shaida. Rashin takardun zama kuma bai hana ka wannan haƙƙi a New York ba, doka ta haɗa har da wanda ba shi da izinin aiki.

Maganar da ka fara yi a asibiti

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma tun a awa ta farko. Da ka isa sashen gaggawa ko ɗakin likita za a tambaye ka yadda aka yi. Ka ce a wurin aiki ne, ka faɗi sunan kamfanin, ka bayyana abin da kake yi lokacin: kana ɗaga kwali mai nauyi daga ƙasa, ko kana juya majinyaciya a kan gado. Akwai masu aikin da ke lallashin ma'aikaci ya ce a gida ya faɗi, su yi alkawarin biyan kuɗin asibitin da hannunsu. Kuɗin ɗinki ɗaya za su iya biya. Ranar da likita ya ce sai an yi tiyata ba za ka ƙara jin duriyarsu ba, ga shi kuma takardar asibiti ta farko ta riga ta ce a gida ka faɗi, kuma ita kamfanin inshora zai ɗaga a gaban alƙali. Haka nan kada ka miƙa katin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko inshorar lafiyarka ta yau da kullum a matsayin mai biya, domin raunin aiki ba huruminsu ba ne, kuma warware wannan rikici daga baya yana cin watanni.

Ka lissafa duk inda ke ciwo, har wanda kake ganin ƙarami ne. Wanda ya faɗo daga tsani yakan damu da hannun da ya karye, ya manta da wuya da gwiwa. Bayan wata biyu gwiwar ta kumbura, kamfanin inshora ya ce babu ita a rahoton farko, don haka ba zai biya ba.

Sai kuma wata ɗabi'a tamu mai kyau wadda ke cutar da mu a ɗakin likita. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, aka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Wannan amsar gaisuwa ce, kowa a gida ya san ba rahoton lafiya ba ne. Likitan Amurka bai san haka ba. Abin da zai rubuta shi ne majinyaci ya ce ya samu sauƙi, kuma da wannan layi ɗaya ana iya rage kuɗin diyyar da ake biyan ka kowane mako ko a dakatar da gashin ƙashi. Ka gode wa Allah a zuciyarka, sannan ka ba likita lissafi: minti nawa kake iya tsayuwa, ko kana iya ruku'u da sujada ko sai a kan kujera kake salla, sau nawa ciwon ke tashe ka da dare, nauyin da ba ka iya ɗagawa. Idan ya ce ka auna ciwon daga 0 zuwa 10, ka faɗi gaskiyar lambar, ba ragi ba ƙari. Idan Turancinka bai kai ba, ka nemi tafinta. Asibitoci na samar da shi ta waya, hukumar diyya ma tana bayarwa kyauta a zaman shari'a. Ya fi a sa yaron gida ya yi fassara, domin akwai abin da uba ba zai iya faɗa a gaban ɗansa ba.

Wa ke zaɓen likita

A halin gaggawa ka je asibiti mafi kusa, babu mai hana ka. Bayan nan, a New York kai ne ke zaɓen likitanka, da sharaɗin yana cikin waɗanda hukumar ta ba izinin duba masu raunin aiki. Kafin ka karɓi ranar ganin likita ka tambayi ofishinsa ko suna karɓar wannan inshora, ko ka duba jerin sunayen a shafin hukumar na intanet, ko ka kira ta a 877-632-4996. Idan kamfanin inshorar yana da rukunin likitocinsa da hukuma ta amince da shi, dole ka fara da su, amma bayan kwana 30 kana iya komawa wurin wanda kake so. Kamfanin na kuma iya tilasta maka wurin da za a ɗauki hoton MRI da kantin da za ka karɓi magani, muddin ya sanar da kai a rubuce.

Da ka tsallaka iyakar jiha labari ya canza. A Pennsylvania, inda 'yan Nijar da yawa suke a Harrisburg, idan mai aikin ya liƙa jerin aƙalla wuraren jinya 6 kuma ya sa ka sa hannu cewa ka gani, a cikinsu za ka yi jinya na kwana 90 na farko. A North Carolina, jihar da Greensboro take, mai aikin da kamfanin inshorarsa ne ke zaɓen likita, canji kuma sai da yardarsu ko izinin hukumar jihar. New Jersey ma mai aikin ne ke zaɓa. Texas kuwa ta bar kamfanoni masu zaman kansu su ƙi shiga tsarin gaba ɗaya. Saboda haka shawarar abokinka na Bronx tana iya jefa ka cikin bashi idan a Greensboro kake.

A ganinmu, likitan da ya saba da takardun diyya ya fi shahararren da bai saba ba. A wannan tsari magani rabin aikin likita ne, sauran rabin rubutu ne. Shi zai rubuta cewa aikin ne ya jawo raunin, shi zai sa kaso nawa cikin ɗari na ƙarfin aikinka ya tafi, kuma a New York sai ana samun sabon rahotonsa aƙalla duk kwana 90 kuɗin mako zai ci gaba da fita. Ga yadda kason ke aiki: ana ɗaukar matsakaicin albashinka na mako a shekarar da ta gabaci raunin, a ɗauki kashi biyu cikin ukunsa, a ninka da kason da likita ya rubuta. Mai samun dala 900 a mako, idan an rubuta ba ya iya aiki sam, zai karɓi dala 600. Idan an rubuta kashi 50, dala 300 ke nan. Ba a biyan kwana 7 na farko sai in rashin aikin ya wuce kwana 14. Wanda ake biya kuɗi a hannu ya adana duk abin da zai nuna albashinsa: saƙonnin jadawalin aiki, takardun zuba kuɗi a banki, sunayen abokan aiki.

Idan takardar biyan kuɗi ta zo gidanka

Za ta zo, sau da yawa da adadi mai tayar da hankali. Kada ka biya, kada kuma ka jefa ta a kwandon shara. A shari'ar da aka amince da ita, wato buƙatar diyyar da ka shigar, ba ka biyan ko sisi: hukuma ce ta ƙayyade farashin kowane aikin likita, kamfanin inshora ne ke biya, kuma an hana likita ya bi ka cikon abin da ya rage. Yawanci abin da ya faru shi ne ofishin kuɗi na asibitin bai da lambar shari'arka. Ka kira su ka ba su sunan kamfanin inshorar da lambar, ka tura kwafin takardar ga jami'in kamfanin inshora da ke riƙe da fayil ɗinka da kuma lauyanka, ka rubuta ranar da sunan wanda ka yi magana da shi. Idan aka yi shiru aka bar ta, ita ce ke ƙarewa a hannun kamfanonin karɓar bashi.

Akwai takarda mai lamba A-9 da ofishin likita kan ba ka ka sa wa hannu. Abin da take cewa shi ne kuɗin na iya dawowa kanka idan ka yi watsi da shari'ar ko alƙali ya yanke cewa raunin ba na aiki ba ne. Wannan ne dalilin da ya sa ba a fara shari'a a sake ta a tsakiya. Kuɗin mota zuwa asibiti da maganin da ka saya da aljihunka ana mayar maka, ta takarda mai lamba C-257, in ka ajiye rasit.

Wani abin da ke ɓata wa majinyata rai shi ne jiran izini. New York tana da ƙa'idojin jinya da suka fayyace irin maganin da ya dace da raunin baya, wuya, kafaɗa, gwiwa da sauransu, da jerin magungunan da aka yarda da su. Abin da ya fita daga ƙa'idar, da wasu manyan ayyukan tiyata, sai likita ya nemi izini tukuna ta na'urar hukumar. Likita ne ke nema, ba kai ba. Idan mako biyu suka wuce ba labari, ka tambayi ofishinsa ranar da suka tura buƙatar da amsar da aka bayar. Sau da yawa za ka tarar ba a ma tura ba, ko an ƙi saboda bayanin bai cika ba, kuma ana iya ɗaukaka ƙara.

Likitan kamfanin inshora

Wata rana wasiƙa za ta zo cewa ka je wani likita ya duba ka. Wannan ba mai yi maka magani ba ne, kamfanin inshora ne ya ɗauke shi ya ba da ra'ayi, kuma ra'ayin nasa na iya saɓa wa na likitanka. Dole a sanar da kai aƙalla kwanakin aiki 7 kafin ranar, kana da damar zuwa da wani, kana da damar ɗaukar bidiyon binciken, kuma za a aiko maka da kwafin rahoton. Rashin zuwa na iya sa a tsayar da kuɗinka. Idan ya tambaye ka ko ka taɓa jin ciwo a wurin a da, ka faɗa, ko da haɗarin babur ne a Kano ko Maraɗi shekara goma da suka wuce. Tsohon rauni bai hana diyya idan aiki ya tsananta shi, amma ɓoye shi ƙarya ce a idon doka, kuma tana iya rushe kuɗin makon gaba ɗaya. Haka yin wani aiki a ɓoye alhali kana karɓar diyya; kamfanonin inshora kan sa a bi mutum da kyamara.

Lauyan diyya ba ya karɓar kuɗi a hannunka, alƙali ne ke yanke ladansa daga abin da aka ba ka. Ka nemi lauya da zarar kamfanin ya musanta shari'ar, ko an yi maganar tiyata, ko mai aikin ya ce kai ɗan kwangila ne ba ma'aikaci ba, ko ya zamana ba shi da inshora, domin jihar na da asusu na musamman saboda irin wannan. Idan da sunan wani ko takardun wani kake aiki, ka gaya wa lauyan tun zaman farko, sirrinka na hannunsa. Korar ma'aikaci saboda ya nemi diyya haramun ne a sashe na 120 na dokar. Direbobin Uber da Lyft a New York kuma suna ƙarƙashin asusun Black Car Fund, can za su kai rahoto.

Mai niyyar zuwa gida ganin iyali, ko Umara, ko neman mai ɗori, ya shaida wa likita da lauya kafin ya sayi tikiti. Wata uku ba tare da ganin likita ba giɓi ne a fayil, kamfanin zai karanta shi a matsayin warkewa, ga rahoton kwana 90 ya wuce. Idan kuma aka kawo maka tayin sulhu na sashe na 32, wato a ba ka kuɗi dunƙule a rufe shari'ar, ka tambaya ko har da ɓangaren magani za a rufe. In har da shi ne, duk allura da hoto da tiyatar da raunin zai buƙata nan gaba daga cikin wannan kuɗi za su fito, kuma da wuya a sake buɗe fayil ɗin. Kafin ka sa hannu, ka sa likitanka ya rubuta maka jinyar da yake hasashen za ka buƙata a shekaru masu zuwa, lauya ya yi mata farashi, sannan a gwada da adadin da aka yi tayi.