Yadda Ake Zuba Daɓen Siminti a Manyan Gine-ginen Kasuwanci

A katafaren kanti, asibiti ko rumbun ajiyar kaya, inda fili ɗaya kan kai ɗaruruwan murabba'in mita, ɗan karkacewar da ba za a lura da shi ba a ɗakin gida yakan fito fili da zarar an ɗora tayil, kuma ba ya gyaruwa sai an fasa. Saboda haka aikin daɓe yana farawa ne da awo. Da na'urar leza, ko tiyon ruwa idan babu ita, a ja layi a jikin bango da ginshiƙai, mita 1 sama da inda ake son saman daɓen ya tsaya, sannan kowane magini ya riƙa ɗaukar awonsa daga wannan layin kaɗai.

Kaurin daɓen ya dogara da abin da ke ƙarƙashinsa. Idan zai manne da kankare kai tsaye, milimita 25 zuwa 40 ya wadatar, amma sai an kankare saman kankaren ya yi kaushi, an share ƙura da maiƙo da ragowar fulasta, an jiƙa shi tun jajibiri, sannan a shafa ruwan siminti mai kauri a zuba kwaɓin daɓen kafin ruwan simintin ya bushe. Idan kuwa an shimfiɗa leda a tsakani, kada kaurin ya gaza milimita 50, yayin da wanda aka ɗora kan soso mai tare zafi ko sauti yake bukatar milimita 75 a ginin da jama'a ke yawan takawa.

Kwaɓin da aka saba shi ne awo ɗaya na siminti da awo uku zuwa huɗu na yashi mai kaushi wanda babu laka a cikinsa. A nan ne akasarin ayyuka ke lalacewa, domin leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin bajewa, alhali ruwan da ya yi yawa shi ne ke sa daɓe ya tsuke, ya tsage, gefunansa su ɗago. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi kwaɓin a tafin hannu, idan ya dunƙule ba tare da ya ɗiga ruwa ko ya wargaje ba, ya yi daidai. A aiki mai girma haka, kwaɓa da shebur a ƙasa ba abin dogaro ba ne. Injin kwaɓa da awon da ba ya canzawa su ne ke sa baron farko da na ƙarshe su zama iri ɗaya.

A raba filin kashi-kashi, a kafa tudun awo a jere (wato 'yan tudun kwaɓi da samansu ya yi daidai da inda ake son saman daɓen ya tsaya), a baje kwaɓin ya ɗan zarce awon, a daddanne shi sosai, sannan a ja doguwar sanda miƙaƙƙiya a kai kafin a goge da katako. Duk inda kankaren ƙasa yake da tsagar da injiniya ya bari domin motsin gini, wajibi ne a bar irinta a daɓen daidai wurin. Ƙa'idar Birtaniya BS 8204 ta tanadi cewa daɓe mafi inganci shi ne wanda, idan aka ɗora masa sandar mita 2, ratar da ke ƙarƙashinta ba ta wuce milimita 3 ba.

Da an gama gogewa a rufe shi da leda na kwana bakwai, a hana takawa a kwanakin farko. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu da bazara a garuruwa irin su Kano da Sakkwato, inda busasshiyar iska ke zuƙe ruwan saman kafin simintin ya yi ƙarfi, ya bar shi yana marmashewa. Bayan an cire ledar, ana ƙiyasta kwana ɗaya ga bushewar kowace milimita ɗaya har zuwa milimita 40, mai kaurin da ya fi haka kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo, musamman da damina. Ɗan kwangilar da wa'adi ya matsa wa kan so a shimfiɗa ledar ƙasa ko katako da wuri, to amma sai na'urar awon danshi ta nuna kashi 75 cikin 100 ko ƙasa da haka, in ba haka ba gam ɗin zai saki, shimfiɗar ta kumbura.