Kurakuran da baƙo ya fi yi a garuruwan manoman Kurdawa na yankin Halabja

Idan ka bar birnin Sulaimaniyya da ke yankin Kurdistan na Iraƙi ka nausa kudu maso gabas, za ka ratsa shimfiɗaɗɗen filin Sharazur, ƙasar alkama da sha'ir, har ka isa Halabja bayan tafiyar kimanin kilomita 80. Daga nan hanya ta fara hawa duwatsun Hauraman, ta bi ta Biyara ta kai Tawela, dab da iyakar Iran. Ƙananan garuruwa ne na masu lambu da makiyaya. Rumman suke nomawa da inabi da ɓaure, da wani ɗan itace mai ƙwanso mai tauri da suke kira gwez, Larabawa kuma su ce jauz. Mutanen wurin suna da karamci ƙwarai, kuma wannan karamcin ne yake rufe wa baƙo ido, domin zai yi kuskure iri-iri ba wanda zai nuna masa a fuska. Shi ya sa gara ya san su tun yana gida.

Na farko tun a takarda yake farawa. Yankin Kurdistan yana cikin Iraƙi, amma yana ba da tasa bizar daban. Bizar gwamnatin Bagadaza tana shigar da kai Kurdistan, ita kuwa ta Kurdistan ba ta kai ka Bagadaza ko Karbala. Mai niyyar haɗa tafiyar da ziyarar Shehu Abdulƙadir Jilani, ta Bagadaza zai nema. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuma ya kammala maganar biza kafin ya sayi tikiti, kada ya dogara da cewa za a buga masa a filin jirgin Irbil, babban birnin yankin. A hanya akwai shingayen jami'an tsaro da ake kira Asayish. Fasfo a aljihu zai kasance, ba a jakar da aka bari a otal ba, kuma ka tanadi amsa gajera: ina za ka, wurin wa, yaushe za ka dawo. Baƙin Afirka da aka fi gani a ƙasar masu zuwa aikatau ne, saboda haka tambayoyin kan ɗan yi tsawo. Ba abin fushi ba ne, lambar wayar mai masaukinka tana gama magana.

Wannan ya kawo mu ga babban kuskure, wato shiga gari ba ta hannun kowa ba. Mutum ya ɗauki shatar mota da safe, ya sauka a tsakiyar Tawela, ya ɗauki hotuna, ya sha shayi a tsaye, kafin la'asar ya koma birni yana cewa ba komai a wurin. Lalle ba zai ga komai ba, domin rayuwar garin tana can cikin lambuna da bayan ƙofofi. Gyaran mai sauƙi ne. Direban da ya kawo ka, ko mai otal ɗinka a Sulaimaniyya, da wuya a ce ba shi da ɗan'uwa ko abokin karatu a yankin. Ka roƙe shi ya buga waya ɗaya. In kwana kake so ka yi, a sanar da mukhtar, wato mai unguwar wurin. Da zarar an san baƙon wane ne kai, ƙofofin da ka gani a rufe da safe su ne za a buɗe maka da rana.

Lokacin zuwa ma ana yawan kuskure shi. A watannin Yuli da Agusta zafin filin Sharazur yakan haura digiri 40, gonaki sun bushe, kowa yana ɗaka daga azahar har yamma. Da hunturu kuwa dusar ƙanƙara kan toshe hanyar Tawela. Daga bikin Nauroz na 21 ga Maris zuwa Mayu ne ƙasar take kore shar. Mai son ganin aiki kuma ya zo da kaka, daga Satumba zuwa farkon Nuwamba, lokacin kaɗar gwez da tsinkar rumman, wanda Halabja take yi wa baje koli duk shekara. Sai dai mai neman shiru ya kauce wa Juma'a. Ranar ce iyalai daga birane suke cika motoci su fito shan iska, musamman a mafaɗar ruwan Ahmad Awa kusa da Khurmal, ko wurin ajiye mota sai an sha wuya. Talata ko Laraba ka zo.

Da yawa daga cikinmu da Larabci muke taƙama idan mun fita waje, kuma a nan yake jawo ɓacin rai ba da niyya ba. Kurdawa ba Larabawa ba ne, harshensu ya fi kusa da Farisanci, kuma sun sha wahala a hannun gwamnatin da ta so ta mai da su Larabawa da ƙarfi. Matasan da suka taso bayan 1991, lokacin da yankin ya fara cin gashin kansa, da yawansu ba sa jin Larabci sosai. Kurdancin ma kala-kala ne: a Halabja Soranci ake yi, a Biyara da Tawela kuma Hauramanci, ko da yake suna jin Sorancin. Sallama tana aiki ko'ina. Bayan ta ka riƙe "choni" na gaisuwa, da "zor supas" na godiya, da "dast khosh" da ake ce wa wanda ya miƙo maka abinci ko shayi. Manomin da ka tarar yana aiki ka ce masa "mandu nabi", addu'a ce ta kada ya gaji. Namiji ana sa masa "Kak" kafin sunansa, liman ko malamin makaranta kuwa "Mamosta". In kana neman mai Larabci, wurin Mamostan za ka same shi, kuma zai ji daɗi idan ya ga ka san cewa Ibnus Salah, babban malamin hadisin nan da ya rasu a 1245, ɗan wannan ƙasa ta Sharazur ne.

Yanzu ga ka a ɗakin baƙi. Ka cire takalmi a ƙofa, an nuna maka katifar zama a jikin bango, can nesa da ƙofa inda ake ajiye mai daraja. Kada ka yi ta ja da baya har ka gajiyar da mai gida, ka zauna inda aka nuna. Yaro zai shigo da tire, a kai ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, kowanne a kan ɗan faranti, sukari ya kwanta a ƙasan shayin kamar kaurin yatsa. In ba ka son zaƙi sosai, kada ka juya cokali, ka sha daga sama. Za ka ga dattijo ya zuba nasa a farantin yana hurawa yana kurɓa. Ƙin karɓar kofin farko shi ne laifi. Na biyu da na uku kana iya ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya. Idan babba ya shigo kowa zai miƙe, kai ma ka miƙe, ko da loma a hannunka.

Abinci a ƙasa ake shimfiɗa shi a kan leda ko ƙyalle: shinkafa, miyar wake ko ta kuɓewa da tumatir, gurasa mai faɗi siririya, kindirmo, ɗanyen ganye da albasa. Kuskuren da ake yi shi ne cinye faranti tas da sauri don nuna an ji daɗi. Mai gida zai fahimci ba ka ƙoshi ba, ya ƙara, ka sake cinyewa, ya sake ƙarawa. Ka ci a hankali, ka rage kaɗan. Kada ka tsallake shimfiɗar abincin, gurasa kuma ba a wulaƙanta ta.

Maganar kuɗi tana da fuska biyu, kuma baƙi suna juya su. Direban tasi ko mai kanti zai iya ture hannunka ya ce kai baƙonsa ne. Wannan ladabi ne, mutumin da sana'ar yake ci da iyalinsa. Ka nace sau biyu ko uku, zai karɓa. Amma wanda ya ciyar da kai a gidansa ko ya ba ka makwanci, miƙa masa kuɗi cin fuska ne. Abin da ya dace shi ne ka shigo da tsaraba tun farko, kwalin kayan zaƙi daga kasuwar Sulaimaniyya, ko wani abu daga gida, kamar turare ko hula. Ka kuma kula da yabon kaya. In ka cika yaba carbin da ke hannun dattijo, zai cusa maka shi a aljihu, kuma rantsuwa ba za ta sa ya karɓa ba.

A lambu, abin da ya fi rumman tsada shi ne ruwa. Ƙananan magudanai ne suke ɗauko shi daga idon ruwa su zagaya da shi lambu-lambu, kowa da ranarsa da sa'o'insa. Dutsen da ka gani an tare bakin magudana da shi, da ɗan tsumma da laka, ba shara ba ce. Shi ne yake juya ruwan zuwa ga mai rabo a wannan sa'ar. Baƙo ya taka shi ko ya ɗauke don ya wanke ƙafa, ya haddasa rigima tsakanin maƙwabta bai sani ba. Haka nan kada ka tsinki ko rumman ɗaya da hannunka. Ka yi sallama ka tsaya, abin da za a cika maka leda da shi ya fi ƙarfin cikinka. Garken tumaki kuwa a ba shi hanya daga nesa, saboda manyan karnukan da ke gadinsa ba su san baƙo ba, sai makiyayin ya tsawata musu.

Akwai kuskure ɗaya da ba ya gyaruwa, kuma shi na fi so mai karatu ya riƙe. Waɗannan duwatsu fagen daga ne a yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, kuma har yau akwai nakiyoyi binne a cikinsu. Ƙungiyar MAG tana aikin tone su a yankin Kurdistan tun 1992, ba a gama ba. Jan allo mai kusurwa uku, ko duwatsun da aka shafa wa jan fenti, alama ce ta kada a wuce. Amma ba kowane wuri ne yake da alama ba, kuma ruwan sama yana gangaro da nakiya daga inda aka dasa ta. Tudu mai ciyawa ɗanya shar wanda ba sawun mutum ba na dabba, kusa da gari, ka tambayi kanka me ya hana makiyaya shiga. Ko kama ruwa za ka yi, kada ka sauka daga turbar da ake bi. Hawan dutse sai da ɗan gari a gaba.

Iyakar ma ba katanga gare ta ba. A Yulin 2009 wasu Amurkawa uku suka tafi yawon ƙafa a saman Ahmad Awa, sojojin Iran suka kama su. An saki macen a 2010, mazan biyu sai Satumbar 2011. A Tawela Iran tana gabanka kana kallo. Kada ka ɗaga waya wajen shingen soja ko mashigar iyaka, kada kuma ka ɗauki hoton masu dakon kaya a baya ta kan duwatsu, waɗanda ake kira kolbar. Aikinsu na kasada ne, hotonka zai iya jawo musu abin da ba ka zata ba.

A masallaci za ka ji kamar gida, da ɗan bambanci. Yawancin Kurdawa Shafi'awa ne. Liman zai bayyana bisimilla, kuma a raka'a ta biyu ta Asuba, bayan an ɗago daga ruku'u, zai tsaya ya yi ƙunuti a bayyane, jama'a sun ɗaga hannu suna amin. Wanda ya saba da ƙunutin Malikiyya na asirce kafin ruku'u yakan zarce sujada shi kaɗai. Ka jira liman. Kada kuma ka mai da zaman bayan salla wurin gardama a kan ɗariƙa. Biyara tsohuwar cibiyar Naƙshabandiyya ce, zuriyar Shehu Usman Sirajuddin na Tawela ne suka kafa zawiyarta, kuma garin ya ɗanɗana mulkin ƙungiyar Ansarul Islam daga 2001 zuwa 2003, bai manta ba. Sannan ba kowa ne Musulmi irinka ba: a ƙauyen Hawar akwai mabiya addinin Kaka'i, waɗanda ba sa son a tsare su da tambaya a kan aƙidarsu.

A mazhabar Shafi'i taɓa fatar macen da ba muharrama ba yana karya alwala, don haka namiji ba ya miƙa wa mace hannu, hannu a ƙirji ya wadatar. Hoton mata kuwa sai da izinin su kansu. A tsoffin unguwannin Hauraman gidaje hawa-hawa suke a jikin dutse, rufin wani shi ne farfajiyar wani, saboda haka inda ka tsaya kana kallon kwari zai iya zama saman ɗakin mutane, kana leƙa tsakar gidansu. Baƙuwa mace ta fi namiji sa'a, domin za a shigar da ita har wurin da ake gasa gurasa.

Sai Halabja kanta. Ranar 16 ga Maris 1988 jiragen gwamnatin Saddam Husaini suka zuba wa garin iskar guba, kimanin mutum 5,000 suka mutu. A shekarar ce kuma aka yi farmakin Anfal da ya rushe dubban ƙauyukan Kurdawa. Ka je gidan tarihin da aka buɗe a 2003, ka je maƙabartar, amma ba da dariya da ɗaukar kanka hoto ba. Kada kuma ka zaunar da dattijo ka ce ya ba ka labarin ranar. Wanda ya haura shekara 45 a garin, da wuya a ce bai rasa wani ba, wasu har yau da ciwon ƙirji da na ido suke kwana. In ya so zai fara da kansa, kai dai ka saurara. Tambayar wace jam'iyya yake yi, KDP ko PUK, manyan jam'iyyun Kurdawan Iraƙi biyu, ita ma a bar ta, domin ɓangarorin biyu sun yi yaƙi da juna daga 1994 zuwa 1998.

Wajen sayayya ka riƙe dinarin Iraƙi a hannu, ƙananan takardu na 1,000 da 5,000, domin kati ba ya aiki a rumfar manomi. Kada ka yi masa tayin wulaƙanci a kan gwez ko ruwan rumman da aka dafa ya yi kauri, ribar ba ta da yawa. Farin takalmin klash da ake saƙawa da hannu yana ɗaukar kwanaki kafin a gama ƙafa ɗaya, tsadarsa ke nan, kuma ba a shiga ruwa da shi. Motocin haya masu ɗaukar mutum huɗu suna yin wuya da zarar rana ta karkata, saboda haka in ba kwana za ka yi ba, ka karɓi lambar direban da ya kawo ka, ku tsayar da lokacin da zai dawo tun kafin ka sauka.