Darasi na 7: Farin kabeji iri-iri ne

Duk manomin gero ya san gero suna ya tara. Akwai mai saurin nuna, akwai zango mai dogon kai, akwai maiwa da ke jira sai ƙarshen damina. To, farin kabeji ma haka yake. Shi ne ɗan'uwan kabejin da muke kira shu, sai dai shi farin kan da ke tsakiya ake ci, ba ganyen ba. Asalin su duka tsiro ɗaya ne da ke fitowa a daji a bakin tekun ƙasashen Turai. Manoma ne suka yi ta zaɓe shekara da shekaru, wannan ya bi mai ganye, wancan ya bi mai kai, har suka rabu.

Matsalarmu a Damagaram zafi ne. Farin kabeji ya fi ɗaure kai da kyau idan sanyi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, mu kuwa ɗarinmu gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu an gama. Irin Turai mai jinkiri yakan haura kwana 100 bayan dashe. Kafin ya shirya bazara ta cim masa, sai ka ga ganye tuli babu kai, ko kan ya fito a warwatse kamar tsakin shinkafa. Amma akwai irin da ya saba da zafi. Turawan Ingila sun kai farin kabeji Indiya a 1822, manoman can suka riƙa ajiye irin wanda ya jure, har aka samu masu ɗaure kai cikin wata biyu bayan dashe. Irin waɗannan ya kamata mai garka a Mirriya ko Gidimuni ya tambaya.

Ku je garka ku tsuguna gaban fangali biyu na iri daban. A ɗaya za ku ga ganyen ciki ya lanƙwaso ya rufe kan kamar uwa ta lulluɓe jinjiri. Buɗe shi, fari fat, a cure, ka danna da yatsa ba ya lotsawa. A ɗayan ganyen ya baje, rana ta bugi kan ya yi rawaya-rawaya. Ruwa ɗaya, taki ɗaya, amma kama da wane ba wane ba ne. Mai saye a kasuwar Dole farin zai ɗauka. Idan naka iri mai bajewa ne, tattara ganyen ka ɗaure su bisa kan da zare tun yana kamar ƙwan kaza.

Ba ma duka ne fari ba. Akwai shunayya da kore a Italiya, akwai ruwan lemo da aka fara gani a wata gona a Kanada a 1970. A ganina wannan ba shi ne damuwarmu yanzu ba.

Masu binciken iri, irin ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa a nan Nijar, da wannan bambanci suke aiki. Sukan samu mai jure zafi amma ƙaramin kai, su haɗa shi barbara da mai babban kai, su zaɓi 'ya'yan da suka gaji halin biyu. Da duk iri ɗaya ne, da babu abin haɗawa.

Wani dattijo ya tambaya a aji: "Malam, in na bar wanda ya fi kyau ya yi fure, ba sai na huta da sayen iri ba?" Amsar ita ce: "Baba, duba takardar irin tukuna." In an rubuta F1, irin haɗi ne, 'ya'yansa ba za su fito daidai da shi ba. Kuma ƙudan zuma kan kwaso garin fure daga ɗan'uwansa da ke kusa, iri ya gauraye.

Aikin gida: bana ka sayi iri biyu, ka dasa su rana ɗaya a fangali biyu maƙwabta. A littafinka rubuta sunan kowane iri da ranar dashe. Ranar da kai ya fara leƙowa, rubuta. Ranar yanka, ƙirga kawuna nawa suka fito fari a cure, ka kawo littafin aji mu karanta tare.