Yadda Ake Sa Mai Koyon Tiyata a Aikin Cire Ƙarin Mahaifa

A Maradi, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke shiga ɗakunan tiyata, dangi kan tambaya: ɗalibi ne zai yi wa mara lafiyarmu aikin? Abin da aka gani a asibitocin koyarwa shi ne, sa hannun mai koyo yana tsawaita aiki, amma in babban likita na tsaye a kansa ba ya ƙara manyan matsaloli. Sai dai cire ƙarin mahaifa, wato fibrom, aiki ne na jini. Duk mintin da ya ƙaru, jini ne ke fita. Shi ya sa ake raba aikin tun kafin a wanke hannu.

Zaɓen mara lafiya shi ne farko. Mai koyo ya fara da ƙari ɗaya ko biyu a gaban mahaifa ko samanta. Wanda ke wuyan mahaifa, ko a gefe kusa da bututun fitsari, ko mahaifar da ta kai cibiya, na maigida ne, wato babban likitan da ke koyarwa. A duba eko, wato hoton ciki, tare, a auna jini. Yawancin matan nan sun daɗe suna zubar da jinin al'ada, don haka a gyara ƙarancin jini da maganin ƙarfe, a tanadi jini leda biyu daga ƴan uwa. A kuma faɗa mata da mijinta cewa in jini ya ƙi tsayawa ana iya cire mahaifar, kuma wane ne zai riƙe wuƙa.

Kariyar jini ba ta jiran a ga jini. Misoprostol mikirogiram 400 ta gaba awa ɗaya kafin aiki, tranexamic acid giram 1 ta jijiya, duka biyun don rage zubar jini, sai sefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 2 cikin awar da za a yanka. Bayan an fito da mahaifa, a ɗaure ƙasanta da robar fitsari ta Foley don matse jijiyoyin jini, a rubuta lokacin a allo. Oksitosin, allurar da ke matse mahaifa bayan haihuwa, tasirinsa ba shi da tabbas a mahaifar da ba ta da ciki. Kada a dogara da shi.

Buɗe ciki da rufe shi, mai koyo na iya yi. Inda ake samun matsala shi ne yankan mahaifar. Sabon hannu na jin tsoro, sai ya yanka sama-sama, ya fara ɓare ƙarin daga cikin naman mahaifa, jini ya ɓalle. A nutsa wuƙa har farin ƙarin ya bultso, a kama shi da ƙarfe, a ja, a bi tsakaninsa da ɓawonsa da yatsa ko almakashi. In an dace da wurin, yakan fito kamar an ɓare dafaffen ƙwai. A nisanci inda bututun ƙwai ke shiga mahaifa, kuma a fi son yanka ta gaba, don ta baya ta fi sa hanji mannewa.

Ɗinki ma haka. Ramin da ƙarin ya bari a rufe shi hawa-hawa daga ƙasa da zaren Vicryl lamba 1, ba a barin kogo. Kogo na tara jini, ya kawo zazzaɓi da raunin tabo. A kwance robar, a jira, a duba kowane ɗinki.

A yi yarjejeniya a fili: in jini ya doshi rabin lita, ko an huda cikin mahaifa, ko ɗaurin ya kusa awa, maigida ya ce "kawo, ka riƙe mini," ba gardama. A rubuta ko an shiga cikin mahaifa, domin da wannan za a yanke ko haihuwar gaba ta tiyata ce. Ta jira wata 3 zuwa 6 kafin ɗaukar ciki.