Tara Rigunan Hokin Ƙanƙara na Ƙasashe: Ta Ina Za Ka Fara?

Kafin ka fitar da kuɗi ka sayi jesi ko guda, yanke shawarar irin rigunan da za ka tara. Hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, tun 1908 aka kafa ta a Paris, mambobinta sun haura ƙasashe 80, kuma kusan kowace ƙasa na da riga mai haske da mai duhu, tana sake fasalinsu bayan 'yan shekaru. Wanda ya ce duka zai tara, aljihunsa zai gaji kafin durowarsa ta cika.

Ni na zaɓi ƙasashen da babu su yanzu a taswira: jar rigar Tarayyar Sobiyet mai haruffan CCCP a ƙirji, ta Cekoslobakiya wadda ta rabu gida biyu a 1993, da ta Jamus ta Gabas. Dalilina, an riga an rufe ƙofa, ba za a sake buga wasa da sabuwa ba. Wani kuma ƙasa ɗaya yake bi, misali Suwidin da rawayar rigarta mai kambi uku, ko Finlan mai tambarin zaki. Akwai masu bin ranakun tarihi: Finlan ta 1995, shekarar da ta fara cin kofin duniya a Stockholm, Jamhuriyar Cek ta Olamfik ɗin Nagano 1998, lokacin da Dominik Hašek ya tsare raga har suka ɗauki zinare, Latbiya ta 2023, da ta doke Amurka ta samu tagulla a gasar kofin duniya. Idan kana son abin da ba kowa ke da shi ba, leƙa ƙananan rukunai, inda Meziko, Tailan, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu ke bugawa. Rigunansu ba su cika tsada ba, samunsu ne aiki.

Daga nan sai ka san matakan riga, domin a nan ake yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa. Akwai ta 'yan kallo, mara nauyi, mai girman S, M ko L. Akwai wadda aka ɗinka daidai da ta 'yan wasa, yadinta mai kauri, girmanta yawanci da lamba kamar 54 ko 56, tana da faɗi saboda ana sa ta a kan kayan kariya. Ta gola ta fi kowacce faɗin hannu. Akwai wadda aka tanadar wa ɗan wasa amma bai shiga fili da ita ba. Sai ta ƙarshe, wadda aka buga wasa da ita. Tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe bambancin kuɗi ba kaɗan ba ne, kuma mai sayarwa yakan so ya lulluɓe zancen. Tambaye shi kai tsaye: an sa ta a wasa, ko ba a sa ba?

Don ka ga inda abin ke kaiwa: rigar da Paul Henderson ya sa ranar da ya ci wa Kanada ƙwallon da ta raba gardama da Sobiyet a 1972, an yi gwanjonta a 2010 a kan sama da dala miliyan 1.2. Ta Mike Eruzione, kyaftin ɗin Amurka a wasan Olamfik na Lake Placid na 1980, ta kai dala 657,250 a 2013. Ba mu ne masu sayen waɗannan ba, amma su suka sa masu jabu suka shigo kasuwar da ƙarfinsu.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne karanta shekarun riga daga jikinta. Fara da tambarin kamfani. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kamfanin Tackla na Finlan ne ke yi wa ƙasashe riguna a gasar duniya. Daga tsakiyar shekarun 1990 Nike ya karɓa. Saboda haka in ka ga CCCP da alamar Nike a kafaɗa, ka san ba ta ga zamanin Sobiyet ba, don ƙasar ta rushe a 1991. Ba laifi ka saye ta don ado, amma da kuɗin ado. Sai ka dubi talla. A gasar kofin duniya ana manna tallar kamfanoni a hannun riga, irin su Škoda da ke ɗaukar nauyin gasar tun 1993. A Olamfik kuwa babu talla, har tambarin hukumar hoki ta ƙasa tun 2010 ba a yarda da shi, shi ya sa rigar Kanada ta Vancouver 2010 ta fito da ganyen maful, irin na tutar Kanada, mai zanen 'yan asalin ƙasar a ciki, maimakon tambarin Hockey Canada. Riga mai talla da aka ce ta Olamfik ce, zancen ya ƙare.

Kada kuma ka ɗauko ma'aunin NHL, babbar gasar kulob-kulob ta Amurka da Kanada, ka auna rigar ƙasa da shi. A can an saba da lamba ɗinkakkiya da wata igiya a cikin baya da ke ɗaure riga da wando. Rigunan ƙasashe da dama, musamman na Turai, launi da lamba an shigar da su ne cikin yadin da zafi, ba ɗinki, kuma da yawa ba su da igiyar. Wannan kaɗai ba ya nuna jabu ce.

Idan an ce an buga wasa da ita, nemi tabo: baƙin zanen da ƙwallon roba ko tef ɗin sanda ya bari, gogewar katangar fili a gwiwar hannu, ɗinkin gyara da mai kula da kayan ƙungiya ya yi. Sannan ka nemo hoton wasan, ka gwada tabon da ke hoto da wanda ke hannunka, wuri da wuri. Wannan ya fi min takardar shaida, sai dai in takardar ta fito daga hukumar ƙasar ko wani sanannen mai tantancewa irin MeiGray. Takardar da mai sayarwa ya rubuta wa kansa, takarda ce kawai. Kuma in kana saye ta intanet, kar ka yi cinikin biri a sama: a aiko maka hoton cikin wuya, bayan lamba daga ciki, da gefen ƙasa, cikin hasken rana. Wanda ya fara kame-kame, bar masa kayansa.

Ajiya ba ta da wuya. Rigar da aka yi wasa da ita ba a wanke ta, tabon nan shi ne kuɗin, ko da warin bai yi maka daɗi ba. Shanya ta a inuwa ta sha iska. Wadda kake sawa, juya ta ciki waje, wanke da ruwan sanyi, ba injin busarwa, ba guga a kan lamba. Rataye a hanga mai faɗin kafaɗa, don na waya yana ɓata siffa. Rana tana cin ja da rawaya da sauri, don haka in za ka kafe ta a bango, sa gilashi mai tare hasken rana, kuma kar yadin ya taɓa gilashin. Kowace riga ka buɗe mata shafi: ƙasa, gasa, shekara, sunan ɗan wasa, wurin wanda ka saya, nawa, da hotunan da ka gwada.