Kurakuran da Sabbin Shiga Ke Yi Wajen Zaɓen Jirgi a Kulob ɗin Jami'a

Ɗan Kaduna ya san ruwa, amma sanin kwale-kwale da gora ne a kogin Kaduna. Shi ya sa idan karatu ya kai yaranmu jami'o'in Ingila ko Amurka, suka shiga kulob ɗin jiragen da iska ke turawa, sai su ga jirage jere a bakin tafki su ɗauka duk kanwar ja ce. Kowane da mutumin da aka ƙera shi dominsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen ƙyallen kama iska da ido. Ɗauki Laser, wanda yanzu ake kira ILCA, jirgin mutum ɗaya mai tsawon mita 4.2 da Bruce Kirby ya zana, ana tsere da shi a gasar Olamfik tun 1996. Gangar jikinsa ɗaya ce, amma ƙyallen kama iskarsa girma uku ne. Babban, ILCA 7, ya ɗan haura murabba'in mita 7, kuma na mai nauyin kilo 80 ne ko kusa da haka. Saurayi siriri mai kilo 58 zai ce shi babban yake so, don kada a ce ya ɗauki na yara. Iska na bugowa jirgin zai karkace, shi kuwa ya soka ƙafafu cikin maɗauri, ya kwantar da bayansa waje har cinyoyi na rawa, amma nauyin bai isa ya danne ba. Sai dai ka ga hula tana yawo a kan ruwa. Gyaran mai sauƙi ne: hau sikeli tukuna. Mai matsakaicin jiki ya ɗauki ILCA 6, wanda mata ke tsere da shi a Olamfik, marar nauyi kuma ILCA 4.

Sai rashin bambance jirgi mai allo da mai dalma. Ƙananan jiragen kulob suna da wani allo da ake zurawa ƙasa ta tsakiyar ciki, shi ke hana iska tura jirgin gefe. Allon ba shi da nauyin a zo a gani, don haka jikinka ne ma'aunin jirgin, kuma kifewa a nan ba abin kunya ba ne, darasi ne da ake koyarwa da gangan. Manyan kuwa suna da dalma ko ƙarfe a kafe a gindi, wanda ke maido su tsaye. Sabon shiga kan manta ya sauke allon, ya yi ta mamakin yadda jirgi ke zamewa gefe kamar kaguwa. Sauke shi duka idan kana haurawa wajen da iska ke fitowa, ɗaga shi kaɗan idan tana bayanka, ka janye shi kafin ka iso tudu. In jirgin ya kife, kada ka bar shi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa. Zagaya ka kama allon, ka ɗora masa nauyinka, jirgin zai miƙe. Rigar ceto kuwa ba a cire ta, ko da kai ɗan masunta ne.

Akwai masu raina jiragen mutum biyu, wai na masu tsoro ne. Ni a ganina a nan ake samun ilimin. Jami'o'in Ingila suna yawan amfani da Firefly, ƙirar Uffa Fox, wajen tseren ƙungiya: jirage uku su kara da uku, kowane da mutum biyu. A Amurka jiragen da ake kira FJ da 420 aka fi gani. A cikin mutum biyun, na baya yana riƙe da akalar juya jirgi da babban ƙyalle, na gaba yana kula da ƙaramin ƙyalle da daidaita nauyi. Kuskuren mai zama a gaba shi ne zaman fasinja. Kafin a juya, mai akala ya faɗa da ƙarfi, na gaba ya amsa, su biyun su sunkuya, domin sandar da ke kwance ƙarƙashin ƙyallen ba ta san darajar kan kowa ba.

Jirgi mai gangar jiki biyu irin Hobie 16 yana ruɗin mutane saboda faɗinsa. Gaskiya ba ya rawa sosai, amma juya shi ta fuskar iska aiki ne, yakan tsaya cik a tsakiyar juyi, kuma idan ya kife tayar da shi sai da igiya da nauyi. A bar shi sai hannu ya faɗa. Optimist kuma, ɗan jirgi mai kama da akwati da aka fara ƙerawa a 1947, na yara ne 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, kada babba ya matsa kansa ciki.

Wanda ya dawo gida da sha'awar abin ya duba ruwan kafin jirgin. Kogin Kaduna da rani duwatsu ne a fili, za su karya allo. Da damina kuma ƙarfin gudunsa ya fi abin da ɗalibi zai iya. Shimfiɗaɗɗen ruwa irin na dam ɗin Kangimi ya fi dacewa, bayan an nemi izinin masu kula da shi, da jirgi mai inji a kusa saboda ceto, kuma a fito da zarar hadari ya haɗo daga gabas.